Masallaci Tsakanin Sama da Ƙasa: Darasi Daga Masallacin Juma'a na Zariya

1.0 Gabatarwa



Sanin kowa ne cewa duk inda ɗan Adam ya yada zango, bukatarsa ta farko ita ce mafaka. Yakan gina ɗakin kwana saboda sanyi da ruwa, ya gina rumbu saboda yunwa, ya ja ganuwa saboda abokan gaba. Amfanin waɗannan a bayyane yake. Sai dai akwai wani gini guda wanda ba a kwana a cikinsa, ba a girki, ba a adana hatsi, amma duk da haka shi ake ware wa mafi kyawun fili a gari, shi ake nemo wa gwanin magina, kuma a kansa mai kuɗi da talaka suke haɗa hannu. Wannan gini shi ne ɗakin ibada.

Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa aikin ɗakin ibada ya wuce tara jama'a a inuwa ɗaya. Gini ne da yake sanar da mutum matsayinsa a cikin halitta, wato inda zai fuskanta, da lokacin da yake ciki, da kuma abin da aka yi shi da shi. Domin kada magana ta watse, za a tsaya a kan misali guda, shi ne tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Za a leƙa wasu wurare ne kawai gwargwadon yadda za su haskaka wannan misali.

2.0 Hanyoyi Biyu na Haɗa Gini da Sama

Al'ummomin duniya sun bi hanyoyi daban-daban wajen ƙulla ɗakunan ibadarsu da sararin samaniya. Misalai biyu daga nesa za su wadatar a gane hanyar farko.

A kudancin Masar, a wurin da ake kira Abu Simbel, Fir'auna Ramses na Biyu ya sa an fafe dutse an yi ɗakin bauta a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa. An daidaita ƙofarsa ta yadda sau biyu a shekara, wajen 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken rana mai fitowa yakan ratsa kimanin mita 60 zuwa ƙuryar ginin, ya haskaka uku daga cikin gumaka huɗu da ke zaune a can, ya bar na huɗun, wato Ptah, cikin duhu. Ko da aka yanka ginin gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi tudu tsakanin 1964 da 1968 saboda ruwan madatsar Aswan, sai da injiniyoyi suka kiyaye wannan fuska tasa. A ƙasar Kambodiya kuma, Sarki Suryavarman na Biyu ya gina Angkor Wat a farkon rabin ƙarni na 12. Hasumiyoyinsa biyar suna wakiltar ƙololuwar Dutsen Meru, wanda mabiya addinin Hindu suka ɗauka shi ne cibiyar duniya, gwalalon ruwan da ya kewaye shi kuma yana wakiltar tekun da ya kewaye duniyar.

A waɗannan misalai biyu ginin kansa hoto ne na duniya, kuma gida ne na abin bauta, wanda yake zaune a ƙurya yana jiran mai ziyara. Masallaci ya bi wata hanya dabam. Wanda ya shiga masallaci ya miƙe har bangon gaba, abin da zai tarar ɗan lungu ne wanda babu kome a cikinsa, shi ne mihirabi. Ba a ajiye kome a nan domin a bauta masa. Aikinsa nuni ne zuwa wani wuri da ke bayan bango, bayan gari, bayan hamada da teku. Ke nan masallaci manuni ne, kuma ta wannan fuska ya kamata a karanci ginin Zariya.

3.0 Ginin da Magininsa

An gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, sarki na uku bayan jihadi, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da laƙabin Babban Gwani, laƙabin da wata unguwa a birnin take amsawa. Masallacin yana daura da fadar sarki, da dandali a tsakani, kamar yadda tsarin manyan biranen Hausa ya saba. A harabarsa ta asali an yi zauruka na shiga da wuraren alwala da kuma ɗakin shari'a. Ɗakin sallar kansa an rufe shi da tulluwa shida, waɗanda suka hau kan manyan ginshiƙai na ƙasa, an kuma yi wa ginshiƙan ado da zane mai zurfi na layuka da da'irori, babu siffar mutum ko ta dabba.

Labaran baka sun kewaye wannan magini. Ana cewa da dare yake aiki shi kaɗai, ana kuma cewa bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari an kashe shi domin kada ya gina wanda ya fi shi a wani gari. Irin wannan labari ana ba da shi game da gwanayen magina a ƙasashe da yawa, kuma abin da yake nunawa shi ne girman mamakin da aikin ya jefa mutanen zamanin a ciki. Manazarta na baya ma sun yi irin wannan mamaki. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya auna masallacin ya zana shi dalla-dalla, kuma an gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. J. C. Moughtin ya ba shi babban gurbi a littafinsa kan ginin Hausa wanda ya fito a 1985, shi kuma Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan fasahar maginan ƙasar Hausa da yadda suke auna kyawun gini.

4.0 Jiha: Alƙibla

Abu na farko da magini yake yi kafin a aza tubali ko ɗaya shi ne fitar da alƙibla. Sauran bangaye duk daga bangon gaba suke samun matsayinsu. Saboda haka layin farko na masallacin Zariya ya samo asali ne daga wani gini da ke nesa da shi da kimanin kilomita 3,600, wato Ka'aba.

Ka'aba gini ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa kimanin mita 11 da 13. Kusurwoyinsa suna kusa da fuskantar jihohi huɗu na duniya: ta Hajarul Aswadi tana wajen gabas, sannan akwai Rukunul Iraƙi da Rukunush Shami da Rukunul Yamani, kowanne da sunan ƙasar da yake kallo. A 1982 masana biyu, Gerald Hawkins da David King, suka nuna cewa doguwar fuskar harsashin ginin tana nuni ga mafitar tauraron Suhailu, gajeruwar kuma tana nuni ga mafitar rana a tsakiyar bazarar Larabawa, abin da marubutan Musulmi na da suka riga suka ambata. Daɗin daɗawa, malaman tafsiri sun kawo ruwayoyi cewa Baitul Ma'amuri, ɗakin da mala'iku suke ziyarta a sama ta bakwai, yana bisa saitin Ka'aba. Ta haka wuri guda ya haɗa layi biyu, wanda ya miƙe bisa doron ƙasa zuwa jihohi huɗu da wanda ya tashi tsaye zuwa sama.

Tun da aka juyar da alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Makka a shekara ta 2 bayan hijira, wato 624, kowane masallaci ya zama yanki na wata babbar da'ira. A cikin Harami ana ganin sahu yana lanƙwasa yana kewaye Ɗakin. A Zariya sahu a miƙe yake a ido, domin da'irar ta yi faɗin da ba a ganin lanƙwasarta. Mutumin Jakarta yana duban yamma, na Istambul yana duban kudu maso gabas, Bazazzagi yana duban gabas maso arewa, amma idan aka ja layin kowannensu, wuri ɗaya za su haɗu.

Harshen Hausa ya riƙe wannan al'amari da kyau. Masana harshe suna danganta kalmar gabas da gaba, wato abin da ke gaban mutum. Wanda ya tsaya haka, yamma tana bayansa, kudu tana damansa, arewa tana hagunsa. Larabci ma haka ya yi, domin shimal tana nufin hagu tana kuma nufin arewa, sunan Yaman kuwa daga tushen dama ya fito. Idan Bahaushe ya ce wane ba ya kallon gabas, yana nufin ba ya salla. Idan ya ce wane ba shi da alƙibla, yana nufin rayuwarsa ba ta da tsari. Kuma alƙibla ba ta tsaya a bakin ƙofar masallaci ba. Mahauci yana fuskantar da dabba gare ta kafin ya yanka. Mai gina bayan gida yana kauce mata. Mai haƙa kabari yana tsaga shi kudu da arewa, a kwantar da mamaci bisa damansa, kansa a kudu, fuskarsa a gabas.

Wannan kula da jihohi ba baƙo ba ne ga Bahaushe tun kafin Musulunci. Guy Nicolas, wani Bafaranshe da ya yi bincike a kwarin Maraɗi, ya nuna a wata maƙala ta 1966 cewa masu bin al'adun gargajiya a can suna shata gona da gida da gari bisa jihohi huɗu da tsakiyarsu, suna kuma ba namiji lamba 3, mace lamba 4, haɗuwarsu ta ba da 7. Abin da Musulunci ya yi shi ne ya ɗauke cibiyar daga tsakiyar kowane gari ya mayar da ita wuri guda ga kowa da kowa.

Sai dai gabas ta baki dabam, alƙibla ta lissafi dabam. Zariya tana kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Makka kuwa tana kan digiri 21. Lissafi ya nuna alƙiblar Zariya tana kan kimanin digiri 67 daga arewa, wato ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da kimanin digiri 23. Rana kuma ba ta da mafita ɗaya. Tana fitowa daga gabas sak wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba kawai, sauran shekara tana kai da komowa tsakanin kudu da arewa. Wani abin sha'awa shi ne, a watan Yuni, lokacin da ta kai iyakar tafiyarta ta arewa, mafitarta a Zariya tana kan kimanin digiri 66, wato kusan daidai da alƙibla. Wanda ya bi mafitar rana a watan Disamba kuwa zai kauce da abin da ya kusa digiri 47. Irin wannan matsala ce ta sa malaman Musulunci suka zurfafa a ilmin taurari da lissafi, kamar Albiruni, wanda ya rubuta littafi a 1025 ya fitar da alƙiblar birnin Gazna ta hanyar auna nisan wurare. Akwai kuma hanya mai sauƙi da kowa zai iya bi. Sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe da 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27 na safe agogon Nijeriya da Nijar, rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar sanda tsayayya ta ishe shi ya ja layi.

5.0 Lokaci: Rana da Inuwa

Bayan jiha sai lokaci. Masallaci yana cika yana watsewa sau biyar a yini, kuma abin da yake kiran mutane gare shi motsin rana ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani wanda ya rasu a 996, sun ɗaura kowace salla a kan wata alama ta sama. Asuba tana shiga da ketowar alfijir na gaskiya, wanda yake bazuwa a gefen sama. Azahar tana shiga idan rana ta gota daga tsaka, inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama raguwa. La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa da tsakar rana. Magariba tana shiga da faɗuwar rana, lisha kuma da ɓacewar jan shafaƙi.

A nan akwai abin lura. Ma'aunin da malamai suka bayar shi ne jikin mutum kansa. Sun ƙiyasta tsawon mutum da taki 7 na ƙafarsa. Ladan zai tsaya a fili, ya ga inda inuwar kansa ta tsaya, ya taka ya ƙidaya. Dogo da gajere duk amsa ɗaya za su samu, domin kowa da ƙafarsa yake auna inuwarsa. Ragowar inuwar tsakar rana kuma tana canjawa da watanni. A Zariya, da yake tana cikin yankin da rana take bi ta bisa kai, wannan inuwa takan ɓace ɗungum sau biyu a shekara, wajen 19 ga Afrilu da 24 ga Agusta, ta kuma fi tsawo a Disamba, cikin hunturu. Saboda haka ladan na da, ko bai taɓa jin sunan ilmin falaki ba, ya san tafiyar rana ta shekara a tafin ƙafarsa. A manyan biranen gabas wannan aiki ya zama muƙami na musamman a masallaci, ana kiran mai shi muwaƙƙit. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ibn Shaɗir na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, ya kuma bar agogon inuwa na marmara a hasumiyar masallacin.

Nan ma harshe shaida ne. Kalma ɗaya ce, rana, Bahaushe yake kiran fitilar sama da ita da kuma yinin da take haskakawa. Kalma ɗaya ce, wata, take nufin abin da ake dubawa a sama da kwanaki 29 ko 30 da yake ƙidayawa. Yamma jiha ce, kuma lokaci ce. Sassan yini kuwa yawancinsu sunayen salloli ne: asuba, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Manomi da ɗan kasuwa da mai kiran biki duk da su suke yin alkawari. Kwana yana farawa da faɗuwar rana, shi ya sa daren Juma'a yake riga yinin Juma'a zuwa.

Da yake ƙasa tana juyawa digiri 15 a kowace awa, ba a yin salla ɗaya a lokaci ɗaya a ko'ina. Rana tana gotawa a Makka fiye da awa biyu kafin ta gota a Zariya, kuma tana faɗuwa a Maiduguri kimanin rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato. Kiran salla yana bin rana daga gabas zuwa yamma, wannan ladan yana sauka wancan yana hawa. Hasumiyoyi irin su Gobarau ta Katsina, da ta Agadas mai tsawon mita 27, an yi su ne domin murya ta kai nesa, amma wanda ya hau su yana kuma samun ganin gefen sama ba tare da wani shamaki ba.

6.0 Ƙasa da Bakan Gizo

Abu na uku shi ne kayan ginin. Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda aka gina a Madina a 622, bangonsa na tubalin laka ne, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama yakan zubo a yi sujada cikin taɓo. Babban Gwani ma da ƙasa da itacen giginya ya yi aiki. Mai salla a irin wannan ɗaki yana tsaye a kan ƙasa, bangon da ke gabansa ƙasa ne, rufin da ke bisa kansa ƙasa ne, goshinsa a ƙasa yake sauka, idan ya rasa ruwa da ita zai yi taimama. Ya kuma yi imani cewa daga gare ta aka halicci Annabi Adamu, kuma cikinta za a mayar da shi. Kalmar ƙasa a Hausa ta haɗa turɓaya da mahaifa da kishiyar sama, kuma duk ma'anonin uku suna nan a cikin ginin.

Yadda aka ɗaga wannan ƙasa mai nauyi ta tsaya bisa kawunan mutane shi ne ainihin gwanintar. Ana kwaɓa ƙasar gini da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Ana jera tubalan a tsaye, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango yana da kauri a gindi yana sirancewa yayin da yake hawa. Matsalar tana wajen rufi. Azara, wato tsagin giginya, tana da ƙarfi kuma gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Dabarar magina ita ce su dasa azara a cikin bango ko ginshiƙi ta ɗan leƙo waje, su ɗaure ta, su lulluɓe da ƙasa, su bari ta bushe, sannan su ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa tana karkata ciki. Haka za a yi ta yi daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya. Kowane ɓangare sunansa ƙafa. Idan ƙafafu suka gicciya a tsakiyar rufi, an sami ɗaurin guga. Da wannan dabara ake rufe ɗaki mai faɗin da ya kai wajen mita 8, a kuma raba rufin gida-gida yadda gajerun azaru za su iya cike kowane gurbi, sannan a tayar da tulluwa a kai domin ruwa ya gangara zuwa indararo.

Sunan da magina suka ba wannan lanƙwasa shi ne bakan gizo, sunan da yake na bakan nan mai launuka da ke fitowa a sama da damina. A tsohon tunanin Maguzawa wannan baka iska ne, Gajimare ko Masharuwa, mai shanye ruwan sama. Magini Musulmi ya ɗauki sunan ya ba abin da yake riƙe rufin masallaci. Sauran sunayen sassan gini kuwa daga jikin mutum da suturarsa aka aro su: ƙafa, da gindin bango, da bakin ƙofa, da cikin ɗaki, da rawani, da zanko. Ashe a bakin maginin Hausa gini mutum ne mai tsayuwa da ƙafafunsa, yana ɗauke da wani abu na sama a bisa kansa. Wanda ya fito daga ƙurar rana da hayaniyar dandali, ya bi ta zaure, ya yi alwala, ya shiga sanyi da duhu-duhun wannan ɗaki, idonsa yakan bi ginshiƙi ya hau, ya bi bakan gizo har ƙololuwar tulluwa, sannan sahu ya dawo da shi ya miƙar da shi gabas.

7.0 Abin da Ke Cikin Haɗari

A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon gini na zamani, aka bar sashen aikin Babban Gwani a ciki. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta, mutane suka rasu, wasu suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ran mutum ya fi kowane gini daraja, kuma duk maganar adana kayan tarihi da ba ta fara da amincin masallata ba, maganar banza ce.

Ginin ƙasa abu ne mai bukatar kiwo kamar dabba. Kowace shekara kafin damina sai an duba rufi, an share indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe da makuba ko laso. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ruwa ya fi ƙadangare sanin hanya. A birnin Jenne na ƙasar Mali, inda aka sake gina babban masallacin ƙasa a 1907, mutanen gari sukan fito gaba ɗaya sau ɗaya a shekara su yi masa yaɓe, aikin ya zama biki, yara kuma suna koyo a gefen manya. Inda irin wannan al'ada ta mutu, gini yakan bi ta.

Hasarar kuma ba ta bango kaɗai ba ce. Agogo da jadawalin bango da wayar hannu sun sauƙaƙa sanin lokaci da alƙibla, kuma babu laifi a cikin amfani da su. Amma wanda bai taɓa auna inuwarsa ba, bai taɓa bambance alfijir na ƙarya da na gaskiya ba, ya karɓi amsa ne ba tare da ya san tambayar ba. Haka nan idan maginin ƙarshe da ya iya ɗaura bakan gizo ya kwanta dama, kalmomin tulluwa da ɗaurin guga da makuba za su koma ƙamus, ba mai iya nuna abin da suke nufi.

Akwai abubuwa uku da jami'a za ta iya yi. Na farko, sassan Hausa da na zanen gine-gine su haɗa kai su zauna da sarakunan magina, su ɗauki maganarsu, su zana aikinsu, su tattara kalmominsu. Na biyu, a auna fuskar tsofaffin masallatan ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya, domin fuskar kowane bango tana iya bayyana hanyar da malaman garin suka bi wajen fitar da alƙibla. Na uku, injiniyoyi su riƙa duba lafiyar tsofaffin gine-ginen ƙasa da har yanzu ake taruwa a cikinsu, tare da maginan da suka san halin ƙasar.

8.0 Kammalawa

An ga cewa masallacin Zariya ya ɗaure mai salla da halitta ta hanyoyi uku. Bangonsa na gaba ya sanya shi cikin da'irar da cibiyarta take Makka. Lokutan cikarsa sun sanya shi bin tafiyar rana ta yini da ta shekara, da jikinsa a matsayin ma'auni. Tubalinsa da bakan gizonsa sun tuna masa ƙasar da ya fito daga cikinta da saman da ke bisa kansa. Babban Gwani bai bar littafi ba, abin da ya sani a cikin ƙasa da azara ya rubuta shi, kuma irin wannan rubutu ruwan kowace damina yana rage shi. Nauyin karanta shi da kwafe shi tun ana iya gani yana wuyan masu ilmin wannan zamani.

Allah ya sa a dace, amin.